Diragsta mai inji a gaba ba takarda ba tambari: ta ina ake fara binciken asalinta?

Sabon_Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motocin tseren dirag na Amurka, wato tseren miƙaƙƙen layi na rubu'in mil. Akwai wata diragsta mai inji a gaba, irin wadda direba ke zama can bayan aksul, ana so a mayar da ita yadda take a zamaninta. Ga abin da ke ƙasa. Shasin na bututun ƙarfe ne, daga aksul na gaba zuwa na baya inci 172. Aksul na baya na Oldsmobile ne da aka rage wa faɗi. Babu inji, amma farantin da ke riƙe inji yana nan, ramukansa na ƙaramin V8 ɗin Chevrolet ne. Bodin alminiyam ne, shuɗi, inda fentin ya ɓare ana hango ja a ƙarƙashi. A gefe akwai lamba mai alƙaluma uku da ta fara da 5. Ba takarda ko ɗaya, ba tambarin wanda ya ƙera.

Mai sayarwa ya ce ta yi tsere a ajin AA/FD, wato babban ajin diragsta masu ƙona man nitromethane da ake kira nitro, a Kalifoniya wajen 1965 da injin Hemi 392, amma da baki kawai ya faɗa. Ta ina ake farawa? Sannan ko akwai matsala a kai shasin a feshe shi da yashi tun yanzu don a ga lafiyar waldar?

Mai_Walda ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, kada yashi ya taɓa motar nan tukuna, ko sanfefa ma. Irin waɗannan motoci ba daga masana'anta suka fito ba, ba su da lambar shasi ta hukuma, ba a yi musu rajistar hanya. Shaidar da ta rage tana jikin ƙarfen da fentin, kuma yashi ita yake fara cinyewa.

Aikin farko hoto ne da awo. Ka ɗora shasin a kan jak huɗu a daɓe mai daidaito, ka ja igiya a tsakiyarsa daga gaba zuwa baya. Ka ɗauki hoton kowace mahaɗa da rula a gefenta, ta sama, ta ƙasa, ta ciki. Sannan ka rubuta waɗannan awon: daga tsakiyar aksul na baya zuwa farantin inji, faɗin shasi a wurin kafaɗar direba, kaurin kowane bututu daga waje, nisan da ke tsakanin ƙarafunan tsaye, da inda kowane ƙarfen karkace ya nufa. Nisan inji daga aksul ya fi komai amfani, domin kowane maƙeri yana da nasa ra'ayin a kan wannan, kuma da wuya a canza shi ba a bar tabo ba.

Inci 172 ya yi wa motar 1965 yawa. A farkon shekarun 1960 motocin nan ba su cika wuce inci 100 zuwa 120 ba, a tsakiyar shekarun sun kai wajen 140 zuwa 150, sai dab da 1970 aka fara ganin masu 200 da ɗoriya. Wannan bai ƙaryata mai sayarwa ba, don ƙara wa shasi tsawo abu ne da aka saba yi duk lokacin da yayi ya sauya. Ka bi dogayen bututun da ke gaban inji da tafin hannu, a hankali. In an ƙara, za ka ji ɗan tudu inda aka goge walda, ko ka ga ƙananan ɗigon walda zagayayyu a gefe biyu na mahaɗar: alamar an zura guntun bututu a ciki an ɗaure shi ta ramuka. In mahaɗa biyu ce a kowane bututu, nisan da ke tsakaninsu shi ne abin da aka ƙara. Cire shi daga 172, ka samu tsawonta na asali. In mahaɗa ɗaya ce kawai, to an yanke gaban gaba ɗaya an sa sabo, yawanci bayan haɗari, kuma tsawon asalin sai hoto ya faɗa maka.

Duba irin waldar kuma. Ta gas tana da faɗi, ta kwanta, zafinta ya bazu nesa a jikin bututun. Ta lantarki irin TIG siririya ce, tana jere kamar sulallan da aka kwantar a kan juna. Ta lantarki irin MIG, mai waya, tana da tudu da tartsatsi a kewaye, kuma a shasin wancan zamani kusan kullum gyaran baya ce. Shasi ɗaya mai waldar hannu uku yana gaya maka ya yi rayuwa uku. Ka samu alli kala uku ka yi wa kowane hannu alama, nan take za ka ga wane sashe ne tsoho.

Farantin Chevrolet ɗin kada ya dame ka. Da shahararren direba Don Garlits ya ci gasar Winternationals ta 1971 da mota mai inji a baya, bayan fashewar giyar da ta raba shi da rabin tafin ƙafarsa ta dama a filin tsere na Lions a watan Maris na 1970, cikin shekara biyu masu inji a gaba suka zama tsohon yayi a babban aji. An yi ta sayar da su da araha, masu ƙaramin ƙarfi suka sa musu Chevrolet suka ci gaba da tsere a ƙananan azuzuwa. Abin nema shi ne ragowar kunnuwan ƙarfen da suka riƙe injin farko. Hemi 392 ya fi ƙaramin Chevrolet faɗi da nauyi nesa ba kusa ba, wurin zamansa daban ne. Ka haska tocila a kwance a jikin bututun, inda aka yanke kunne aka goge zai fito kamar inuwa. Haka za ka nemi wurin famfon mai, wurin tanki, da ƙarfen turi na baya, tunda a lokacin da wata mota ake tura su kafin inji ya kama. In ka ga mazaunin giya ko na sandar canza giya, na baya ne: AA/FD ta 1965 ba ta da giya, daga kuloci sai aksul.

Game da wanda ya ƙera: manyan sunayen Kalifoniya a lokacin su ne Kent Fuller, Woody Gilmore, Don Long da Roy Fjastad, a Mishigan kuma akwai Logghe. Kowannensu ana gane shi ta lanƙwasar ƙarfen kariyar kan direba, da yadda yake ɗaure akwatin sitiyari, da siffar kunnuwansa. Sai dai ƙarfen kariyar nan shi aka fi sauyawa duk lokacin da dokar tsaro ta ƙaru, saboda haka kada ka yanke hukunci da shi kaɗai. Ka kuma sani gareji da yawa sun kwaikwayi aikin waɗannan mutane da tef da ido. Kama da wane ba ta wane.

Tambari in akwai, ka neme shi da burushin roba da kananzir a ƙarfen kariya, kusa da akwatin sitiyari, da saman kunnuwan aksul na gaba. In ka ci karo da na SFI, ƙungiyar da ke fitar da ƙa'idojin tsaron kayan tsere, ka san motar tana tsere har bayan 1978, shekarar da aka kafa ƙungiyar.

Tsohuwar_Jarida ta amsa:

Malam Mai_Walda ya gama da ƙarfe, bari in ɗauki takarda.

Lambar da ta fara da 5 ita ce bakin zaren da ya fi kusa. A shekarun 1960 lamba ba ta da tabbas, da farin man takalmi ake rubuta ta ranar tsere, mako mai zuwa a ba ka wata. Sai wajen farkon shekarun 1970 NHRA, babbar hukumar tseren dirag ta Amurka, ta koma ba direba lamba ta dindindin, alƙalamin farko yana nuna shiyyarsa. Kalifoniya shiyya ta 7 ce. Ta 5 ita ce ta tsakiyar ƙasar, su Kansas, Kolorado, Nebraska da Iowa. Ke nan shuɗin fentin da injin Chevrolet na nuna rayuwar motar ta biyu ko ta uku, a can tsakiya. Ka lura kuma lambar ta direba ce ba ta mota ba, in ya sayar ya tafi da abarsa. Amma in ka gano wanda ya riƙe ta a wancan lokaci, ka samu mutum ɗaya a jerin masu motar, shi kuma zai iya tuna daga hannun wa ya saya.

Haka ake binciken, ta baya. Mai sayarwa ya rubuta maka daga wa ya samu, a wace shekara, a wane gari, ya sa hannu. Ka je wurin wancan, shi ma haka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da shahararriyar mota a mujalla sannan a yi ta neman hanyar da za a haɗa ta da wadda ke gareji. Mai yin haka duk abin da ya gani sai ya ga ya dace.

A jaridu, Drag News ta fi amfani ga motar nitro ta Kalifoniya. Mako-mako take fitowa, tana kawo sakamakon filaye irin su Lions, San Fernando, Fontana, Irwindale da Fremont, ko da wace ƙungiya ce ke kula da filin. National Dragster ta NHRA ce, ta fara fitowa a 1960, ta fi mayar da hankali kan filayenta, ga shi NHRA ta hana nitro daga 1957 ba ta sake shi gaba ɗaya ba sai 1964. Don rayuwar motar ta shiyya ta 5 kuwa, National Dragster ce wurin dubawa. Kada ka tsaya a shafin sakamako. Ka je shafukan baya na ƙananan tallace-tallace, inda mai mota ke rubuta sunan maƙerin shasi, tsawonsa da inci, irin aksul, wanda ya buga bodi, da garinsu. Talla ɗaya da ta dace da awon da ka ɗauka ta fi hoto goma.

Mujallun wata-wata irin su Hot Rod da Car Craft suna da hotuna masu kyau, amma ka rage kamar wata uku daga kwanan da ke bango, don hoton ya riga fitowar mujallar. Akwai kuma gidan tarihin NHRA na Wally Parks a Pomona da na Garlits a Ocala ta jihar Fulorida, da taron tsofaffin 'yan tsere da ake yi a filin Famoso kusa da Bakersfield tun 1992. Da tsohuwar zuma ake magani, amma akwai yadda ake tambayar dattawan nan. Kada ka nuna hoto ka ce "wannan taku ce ko?" Mutumin da ya yi shekara hamsin yana kewar motarsa zai ce e. Ka fara tambayarsa: an taɓa karya ta? Ta wane gefe? Wa ya gyara? Akwai abin da kuka liƙa mata wanda ba a gani daga waje? In ya ce sun ƙara ƙarfe a ƙarƙashin kujera ta hagu saboda ta taɓa tsagewa, ka leƙa ka same shi, wannan shaida ce. Ka naɗi muryarsa da izininsa, ka rubuta, ya sa hannu a gaban mai shaidar sa hannu na hukuma.

Kwanan da aka zuba a jikin kaskon aksul ma ka karanta shi. Oldsmobile na 1957 zuwa 1964 shi ne aka fi so saboda ƙarfinsa. Kwanan zai gaya maka cewa wannan kaskon bai shiga motar kafin ranar ba, iyakarsa ke nan. Aksul na 1958 yana iya shiga motar da aka ƙera a 1968.

Ɗan_Fenti ya amsa:

Bodin kada a kai shi kusa da yashi ko bayan an gama binciken. Alminiyam ne siriri, wajen inci 0.050 zuwa 0.063, iska mai ƙarfi za ta miƙar da shi ya yi kumburi, ba ya komawa. Sinadarin cire fenti shi ma a'a, yana narkar da duk shimfiɗun lokaci ɗaya.

Ka fara da duhu. Kashe fitilun gareji, ka kwantar da tocila a jikin bodin. Harafin da aka rubuta da burushi yana da kauri, ko an fesa wani fenti a kai gefensa yana tasowa. Inda aka liƙa ganyen zinariya ko sitika, shi ma yana barin iyaka. In ka ga alamar rubutu, ka zaɓi wuri kamar faɗin tafin hannu, ka goge da sanfefa mai lamba 800 ko 1000 da ruwa, da yatsa ba da inji ba. Da launi ya canza ka tsaya, ka ɗauki hoto, sannan ka ci gaba. Wuraren da aka fi rubutu: murfin da ke gaban direba, gefe biyu na kujera, da hanci. Sunan mai fenti ko mai rubutu yakan ɓuya a can ƙasan wutsiya da ƙananan haruffa. Ka juya kowane falle ka duba cikinsa, masu buga bodi kan yi rubutu da fensir ko alli a nan, ba wanda ke fente shi.

Ka ƙirga ramukan maɓallan Dzus, waɗanda ke riƙe bodi a jikin shasi. Ramin da ke bodi amma babu kunnensa a shasi yana nufin ko an gyara shasin, ko bodin na wata motar ne. Wannan na faruwa sosai, sai ka ga sunan da ka tono na gaskiya ne amma ba na wannan shasin ba. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, shi ya sa gugar ruwa ta fi, a sa safar hannu.

Sabon_Hannu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. An duba: mahaɗa biyu ce a kowane dogon bututu, tsakaninsu inci 26, ke nan asalinta 146. Akwai inuwar kunnuwa da aka goge a gaban na yanzu. To in tarihin ya tabbata, wace siffa za a mayar da ita? Kuma za ta iya sake tsere?

Bakanike392 ya amsa:

Inci 146 ya zauna daidai da tsakiyar shekarun 1960, kuma kunnuwan da ke gaba sun dace da inji mafi girma. Amma abin da ka tabbatar zuwa yanzu shi ne zamani, ba suna ba. Motoci masu wannan tsawon ba su ƙirguwa.

In ka samu hoton da kake zato, ga yadda ake gwada shi. Ka nemi wanda aka ɗauka daga gefe sosai, an cire bodi in da hali. Wilin baya yawanci inci 16 ne, da shi za ka fitar da ma'aunin hoton, amma ka tuna leɓen wilin da ido ke gani ya ɗan fi 16. Ka ɗauki hoton naka shasin daga kusurwa ɗaya, daga nesa da kyamara mai dogon gilashi don kada siffar ta karkace, ka ɗora su a kan juna a kwamfuta. Abin da kowace mota ke da shi ba shaida ba ne. Ka nemi aibi: kunnen da ya karkace, ramin da aka huda ba daidai ba, lotsawa a bututu, waldar da ta yi muni. Uku ko huɗu irin waɗannan in sun haɗu, magana ta ƙare. Ka kuma bincika ko akwai wata motar da ke amsa wannan sunan. Idan aka raba shasi gida biyu, wani ya gina mota a kan gaban, wani a kan bayan, sai a wayi gari da motoci biyu masu suna ɗaya. Galibi sashen direba da na inji ake ɗauka a matsayin motar. In kuma ba a samu suna ba, a kira ta abin da take, diragstar zamanin 1965 da ba a san mai ita ba. Liƙa mata sunan wata ba tare da an ce kwaikwayo ce ba yaudara ce, kuma masu hotuna za su gano.

Batun siffa, ka zaɓi lokaci ɗaya, wata ɗaya ma in hotuna sun isa, ka tsaya a kai. Motocin nan suna canzawa kusan kowane mako. Misali bututun hayaƙi: kafin wajen 1964 dogaye ne masu kallon ƙasa, daga nan aka koma gajeru masu kallon sama da baya, suna hure hayaƙin taya. In ka haɗa fentin wata shekara da bututun wata, ka gina motar da ba a taɓa yi ba. Duk abin da ka cire, har guntayen inci 26 ɗin da farantin Chevrolet, ka sa musu lamba ka adana.

Inji kuwa kada ka wahalar da kanka neman na asali, nitro ta cinye shi tun tuni. Chrysler ta yi 392 a 1957 da 1958 kawai. Lambarsa tana saman bulok ta gaba, bayan famfon ruwa, za ka ga ta fara da NE57 ko CE57, ko 58N ko 58C. Sai abin cusa iska na GMC 6-71, da injekta ta Hilborn ko Enderle gwargwadon abin da hoto ya nuna, da magneto mai ba filogi wuta.

Tsere kuma, a nan ra'ayina a fili yake: kada a yi. Kafin a bar ta ta yi gudu na gaske sai shasin ya cika ƙa'idar SFI ta yau, wanda ke nufin sabon ƙarfen kariya da sauya yawancin bututun sashen direba, wato daidai wurin da tarihin yake. Mai son tsere ya ƙera sabuwa a kan awon wannan. Tsohuwar a gyara ta don nuni da tayar da inji, irin abin da ake kira Cacklefest, wanda aka fara a Famoso a shekarar 2000: a tura mota, inji ya kama da nitro, ta tsaya tana ruri.

Ko don wannan ɗin sai an gwada ƙarfe. A auna kaurin bangon bututu da na'urar sauti mai auna kauri (ultrasound) duk bayan inci 6, musamman na ƙasa inda ruwa ke kwanciya, don tsatsa daga ciki take ci, waje yana nan lafiya lau. Wasu bututun tun asali inci 0.049 ko 0.058 ne, ba su da rarar da za su bayar. Mayen ƙarfe ba ya bambance ƙarfe na gama-gari da ƙarfen 4130 mai haɗin kromiyam, sai na'urar XRF mai gano sinadaran da ke cikin ƙarfe, kuma sanin wannan dole ne kafin a zaɓi sandar walda. Sandunan wilin gaba, hannayen sitiyari da aksul a yi musu gwajin Magnaflux, mai gano tsaga da maganaɗisu. Wilin magniziyam irin na Halibrand ba ya amsa wannan gwajin, nasa na jan rini ne mai shiga tsaga, kuma wanda ya yi farin gari da ramuka a rataye shi a bango.

Mai_Walda ya ƙara da cewa:

Na yarda da Malam Bakanike, sai abu ɗaya. Kada a yi saurin yanke inci 26 ɗin. In bincike ya nuna sunan da aka sani da hotunan da ake da su na zamanin da take da tsawo ne, to wannan ce siffar da za a iya karewa da hujja, ko da ba ita ce ta farko ba. Zarto ya jira takarda.

In lokacin yankan ya zo, a ɗaure shasin a kan teburin ƙarfe tukuna, a kafe aksul na baya da farantin inji da na gaba, don tsohon bututu yana riƙe da ƙarfin lanƙwasa a cikinsa, da an yanke sai ya buɗe. A mayar da mahaɗar da guntun bututu a ciki, a yi waldar kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga hagu zuwa dama don kada zafi ya ja shi gefe ɗaya. Bayan haka ne za a iya wanke shasin, da garin soda ko ƙwayar roba a iska mai sauƙi, a bar ɗan wuri ɗaya a ƙarƙashin kujera da tsohon fentinsa duka shimfiɗun.